Ranar da Goggo Ta Zauna a Kan Bonet

Ai ni ko shekara nawa zan yi a duniya, ranar da Goggo ta tattare zanenta ta haye bonet ɗin sabuwar motarmu ta zauna, a bakin wani gareji a Birnin Kudu, ba za ta taɓa fita daga raina ba. Tsohuwa ce fa, da furfurarta, da carbinta a hannu. Ga makanike tsaye riƙe da sifana, ga Baba yana ta ba ta haƙuri, ga ni a gefe kamar in fashe da kuka. Ta ce duk wanda zai kwance noti ɗaya a jikin motar nan, sai dai ya fara kwance ta tukuna. Amma bari in koma baya, don in na ci gaba a haka zan bar ku a daji. Haka nake, da zarar zancen mota ya taso bakina ba shi da burki.

Goggo yayar Babanmu ce. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gidanmu, a wani ɗan ƙauye kusa da Kwandiko a ƙasar Gwaram. Mu Fulani ne, amma Fulatancin ya tsere mana tuntuni, sai dai a bakin Goggo in ranta ya ɓaci. Mafi yawan shanun garkenmu nata ne, wasu na gado, wasu kuma da ƙwaryar nono ta tara su. Ba a saye ba a sayarwa a gidan sai da saninta. In za a sayi saniya a kara, wato kasuwar shanu, maza za su shiga ciniki da dillali, ita kuma tana daga gefe a inuwa, amma sai ta gyaɗa kai ake sallamawa.

Ni kuwa tun ina ƙarami shanu ba su dame ni ba, ƙarfe ne ya dame ni. Ba wanda ya kai ni makarantar koyon inji. A gindin injin niƙan Gwaram na fara, ina kallon yadda mai shi yake kwance shi yana wankewa. Daga nan na koma tasha, na yi karen mota a wata babbar mota mai zuwa Kano, ina satar kallon ƙafar direba da hannunsa, har na iya tuƙi na karɓi lasisi. Lokacin kuɗin mai ya shigo ƙasa, ana ta zuba kwalta, malaman makaranta da ma'aikatan hukuma kowa ya sayi babur. Ga kuma farin da aka yi 'yan shekaru kafin nan ya kashe mana shanu muna ji muna gani. Sai na sa gidanmu a gaba: a rage shanun nan, a sayi akori-kura sabuwa fil, in riƙa ɗaukar hatsi da gyaɗa daga Basirka da Gwaram zuwa Birnin Kudu. Mota ba ruwanta da fari, ba ta neman ciyawa.

Baba bai yi wuya ba. Goggo ce ta ja ni a ƙasa har damina ta wuce ta dawo. Ranar da za ta yarda tana gyaran ƙorai, ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Su shanuna haihuwa suke yi. Ita wannan ƙarfen naka tana haihuwa?"

Na ce, "Goggo, kullum sai ta haihu. Ranar kasuwa ma tagwaye."

Ta ce, "Bakinka ya fi hannunka sauri, ɗan nan. To, na ba ka. Amma ka sani, gumin ƙuruciyata ne za ka hau kana busa ƙaho."

Aka kora manyan bijimanta zuwa kara, waɗanda take kiran kowanne da sunansa. Tun daga ranar na san abin da ke kaina. In motar nan ta lalace, ba mota kaɗai aka rasa ba, garken Goggo ne ya tafi a banza, kuma ni ne na ja.

Da za a tafi Kano sayen motar, Goggo ta ce ƙafarta ƙafarmu. Baba ya ce ai wurin ba na mata ba ne, ta ce shanun da aka sayar ma ai ba na maza ba ne. Muka je kamfanin, ga motoci a jere suna ta ƙyalli. Ni tun da na shiga tamu na shaƙi ƙamshin sabuwar kujera, hankalina ya bar jikina. Ina ta murɗa sitiyari, ina leƙa ƙarƙashi, ina shafa fitila. Abin da ya gudana tsakanin Goggo da manajan wurin, wani Alhaji mai fara'a, rabinsa da kunne ɗaya na ji, sauran Baba ne ya cike mini daga baya.

Wai ta zagaya motar kamar yadda take zagaya karsana, sannan ta ce masa, "To in na kai ta gida wani aibi ya fito fa?"

Ya ce, "Ai akwai garanti, Hajiya."

Ta ce, "Ban je Makka ba tukuna, kuɗin kujerar ne kake shirin karɓa. Mene ne shi garantin?"

Ya yi dariya ya yi mata bayani. Ya ce alƙawari ne kamfani yake yi wa mai saye, cewa in motar ta nuna wani lahani da ta taho da shi daga inda aka ƙera ta, kafin wa'adin da aka rubuta ya cika, su za su gyara ba a biya ko kwabo ba. Sharaɗin kawai, a riƙa kawo ta wurinsu sabis, kuma kada wani makanike na waje ya buɗe injin.

Goggo ta ce, "Wato kada a yi mata lalas a waje."

Alhajin bai gane ba, sai da Baba ya ce masa tana nufin ƙona dabba da ƙarfe mai zafi don magani. Ya ce to haka ne, kamar haka. Sai ta sa ya sake maimaita alƙawarin a gaban Baba da wani dattijo da ya zo sayen taya, don a wurinta cinikin da ba shaidu ba ciniki ba ne. Takardar da suka bayar kuwa ta ninke ta ta sa a lalitarta.

Watannin farko, kai, ban taɓa jin daɗin duniya irin na lokacin ba. In na shigo tashar Gwaram yara suna bin motar da gudu. Kullum da safe kafin in karya sai na duba ruwan lagireto, na zaro sandar auna baƙin mai na goge na mayar. Da lokacin sabis ya yi na kai ta Kano da kaina, ba don ina tuna wani sharaɗi ba, sai don ina son in tsaya in ga yadda makanikan kamfani suke aiki da kayan aikinsu masu ƙyalli. Goggo kuwa ranar kasuwa a gidan gaba take zama, ƙwaryar nononta a cinya, tana ce mini in bi a hankali kada ya zama man shanu kafin mu isa.

Ana shiga kaka, daidai lokacin da 'yan kasuwa suke rububin mota, sai na lura ruwan lagireto yana raguwa. In cika da safe, kafin azahar ya yi ƙasa. Na duba ƙarƙashi, ba inda yake ɗiga. Ina ta ƙarawa ina cewa zafin rana ne. Sai wata ranar kasuwar Gwaram, na taho daga Basirka da buhunan dawa, ba su ma kai kayan da na saba ɗauka ba, na hangi farin hayaƙi yana fita daga salansa kamar ana turara ɗaki. Allurar zafi ta fara hawa. Nan take na gangara gefe na kashe ta. Na zaro sandar mai. Maimakon baƙin mai, wani abu ne fari-fari mai kauri. Duk wanda ya san inji ya san ma'anar wannan: ruwa ya haɗu da mai a ciki.

Na samu mai babur na aika gida. Can sai ga Baba da Goggo, a bayansu an koro shanun huɗarmu guda biyu da igiya, don su ne kaɗai abin ja da muke da shi. Na nuna wa Goggo sandar. Ta lakata da yatsa ta murza, ta ce, "Wannan ai kindirmo ne. To, ka ce tana haihuwa, ga shi har ta fara kawo nono."

Ba wanda ya yi dariya. Aka sauke buhunan a wurin wani manomi a bakin hanya, aka ɗaura shanu a gaban sabuwar mota, ni a sitiyari, Goggo a gefena. Kuma ba wata hanya sai ta bakin kasuwa. Jama'a suka dare biyu suna kallo. Wani mai awon hatsi, wanda tun farko ya ce motar ba za ta kai mu ko'ina ba, ya miƙe daga kan buhunsa ya ce, "Ikon Allah. An sayar da shanu an sayi mota, ga shi shanu na jan mota. Goggo, da kin sani ai da amalanke kika saya, ya fi araha."

Kasuwa ta ɗauki dariya. Ni na sunkuyar da kai har goshina na taɓa sitiyari. Goggo kuwa ta gyara zama, ta ɗaga kai, ta riƙa amsa gaisuwar mata ta taga kamar matar hakimi. Ƙasa-ƙasa ta ce mini, "Ɗago kanka. Sata ka yi?"

Washegari wata babbar mota ta ja mu zuwa Birnin Kudu, don a can ne babban makaniken yankinmu yake. Mutumin nan gwani ne na gaske, ba na ɗauka akwai wanda nake ganin girmansa a sana'a kamarsa. Da kunne yake gane ciwon inji. Kowa Oga yake ce masa. Ya dubi sandar mai, ya shinshina bakin lagireto, ya ce mai yiwuwa gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa. Ya ce in Allah ya yarda kafin la'asar ya buɗe ya canza, gobe mu koma ɗaukar kaya.

Baba ya ce Alhamdu lillahi. Oga ya aika a ɗauko masa sifana, ni kuma har na naɗe hannun riga, don na daɗe ina mafarkin ganin cikin injin nan. Sai Goggo ta ce a sauke bonet tana son ta ga wani abu. Aka sauke. Ta dafa taya, ta taka bamba, ta haye ta zauna, ta fito da carbi.

Baba ya ce, "Yaya, mene ne haka kuma a gaban mutane?"

Ta ce, "Ba mai buɗe ta. Kano za a mayar da ita."

Oga ya yi murmushi ya ce, "Inna, in kika kai wa kamfani motar nan, sai ta ga damina a wurinsu. Garanti zancen takarda ne. Ni yau zan tashe ta."

Baba ya kama mata lissafin kaka. Ya ce 'yan kasuwar da muka saba da su ba za su jira mu ba, wasu motocin za su kama. Ya ce mutanen birni ba a ja da su, turanci za su yi mana su kore mu. Ni ma na sa baki, na ce Goggo don Allah ki sauko, Oga ya san aikinsa.

Ta bari muka gama tas, sannan ta dubi Baba. "Kai, shekara nawa kana bin kara? In ka sayi saniya, kwana kaɗan ka ga tana tari, me kake yi? Yanka mata kunne kake yi da shaidar gidanmu? Lalas kake yi mata? Ɗura kake yi mata?"

Baba ya ce, "A'a. Mayar wa dillali ake yi yadda take."

"Don me?"

"Don in ka taɓa ta, mai ita zai ce kai ka sa mata ciwon."

Ta juya wurin Oga. "Malam, ban raina hannunka ba. An ce duk ƙasar nan ba kamarka. Amma tsakaninka da Allah, in ka buɗe ka tarar ba shimfiɗar ba ce, ciwon ya fi nan zurfi, masu ita za su karɓa bayan ka buɗe?"

Oga ya juya sifana a hannu. Abin da ya yi bayan nan shi ya sa har yau nake ganin girmansa. Ya mayar da sifanar cikin akwati ya ce, "Gaskiyar tsohuwa ce. Motar da ba ta shekara ba, ba ta da dalilin haɗa ruwa da mai. In na sa hannu sun tsira." Shi da kansa ya tare mana wata gingimari da ta sauke kaya za ta koma Kano, ya ɗaura mana sarƙa, ya ce mini in riƙe burki da hankali a gangaren Wudil.

A kamfani wani matashin akawu muka fara tararwa, da wando mai faɗin ƙafa irin na yayin lokacin. Ko fitowa bai yi ya dubi motar ba. Yana jin an ce ruwa ya haɗu da mai, ya dube ni sama da ƙasa ya ce garanti ba ya ɗaukar sakacin direba. Ya ce direbobin ƙauye haka suke, sai su bar mota ba ruwa ta yi zafi ta ƙone, sannan su zo suna neman gyaran banza. In muna son gyara mu biya, in ba haka ba mu janye ta daga ƙofa.

Maganar a kaina ta sauka. Baba ya fara kame-kame. Goggo kuwa ta nemi wuri a inuwar motocin da ake tallarsu, ta shimfiɗa ɗan buzunta ta zauna, ta ce za ta jira wanda ya yi mata alƙawari, don ba da wannan yaron ta yi ciniki ba. Masu zuwa sayen mota suna wucewa suna kallonta, duk wanda ya gaishe ta sai ta amsa, in ya tambaya ta gaya masa abin da ya kawo ta, ba ƙari ba ragi. Ba a daɗe ba akawun ya ga zaman nan ba zai yi musu kyau ba, ya shiga ciki ya kira manaja.

Alhajin yana fitowa ya gane ta. "A'a, Hajiyar da ba ta je Makka ba."

Ta ce, "Ita ce. Ga amanarka na dawo maka da ita yadda ka ba ni. Ba a yanka mata kunne ba, ba a yi mata lalas ba."

Ya ce ya ji, kuma yana nan a kan bakansa. Amma sai an gano laifin na wane ne, na kamfani ko na direba. Mu bar motar mu tafi, in makanikansu sun duba za a aiko mana.

Goggo ta girgiza kai. Ta ce a wurinsu in dabba ta mutu ana gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa, ba a ɗaki ake feɗe ta ba. A gaban kowa ake feɗewa a fito da huhu, don huhu ba ya ƙarya, shi zai nuna ciwon tsoho ne ko sabo. Ta ce ita ma a feɗe tata a gabanta. In laifin ɗanta ne, za ta tashi ta kaɗe buzunta, ba za su sake ganinta ba.

Alhajin ya dube ta, ya dubi Baba, ya ce wannan adalci ne. Ya sa aka tura motar cikin garejinsu.

Kafin mu shiga ta ja ni gefe. Ta dube ni cikin ido ta ce, "Ka taɓa barin ta da ƙishi?"

Na ce, "Wallahi Goggo ban taɓa ba."

Ta ce, "To wuce gaba ka tsaya. Kada ka ɓuya a bayana."

Babban makanikensu wani Bayarabe ne haifaffen Kano, Hausarsa har ta fi tawa. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki. Bai ɗauki sifana ba. Yatsa ya riƙa bi da shi a kan notinan kan injin ɗaya bayan ɗaya. Ashe kowane noti akwai ɗigon fenti da aka sa masa tun daga inda aka ƙera, da zarar an murɗa sai fentin ya tsage. Ni da nake shafa injin nan kullum ban taɓa sanin amfanin ɗigon ba. Ya ɗago ya ce wa manaja, "Ba a taɓa ba." Sannan ya nuna mana wata mota irin tamu a lungu, ƙura ta rufe ta. Ya ce mai ita sai da ya kai ta gareji biyu a garinsu kafin ya tuna da su, yanzu ba abin da za su iya yi masa sai ya biya. Na tuna hannun rigata da na naɗe a Birnin Kudu.

Aka fara kwancewa. Ni a rayuwata ban taɓa ganin aiki mai tsabta irin wannan ba, kowane noti da gurbin da ake ajiye shi, amma ranar ban ji daɗin kallon ba. In aka ɗaga aka ga ƙuna irin ta rashin ruwa, shi ke nan, ko na rantse ba mai yarda. Aka ɗaga kan injin. Shimfiɗar da Oga ya zata lafiyarta lau. Makaniken ya juya ƙarfen, ya wanke da fetur, ya kai shi bakin ƙofa wurin haske, ya daɗe yana dubawa. Sai ya yafito ni. "Direba, kawo yatsanka."

Ya ɗora yatsana a wani lungu. Na ji wani ɗan rami kamar inda gara ta ci itace, da siririyar tsaga ta tashi daga nan. Ya ce tun wurin zubin ƙarfen aka samu kuskure, wurin bai cika ba, da inji ya yi ta zafi yana sanyi sai ya buɗe, ruwa ya samu hanya.

Goggo ta matso tana leƙe. "Ɗana, ni ban san ƙarfe ba. Tsohon ciwo ne ko sabo?"

Ya ce, "Mama, da shi aka haife ta. Yaron nan ma ya yi ƙoƙari da ya kashe ta da wuri."

Ban san sanda na durƙusa a ƙasan garejin ba. Baba sai hamdala yake. Makaniken nan fa albashin kamfanin yake ci, manajansa na tsaye, da ya so da sai ya ce zafi ne, mu ba mu da bakin musu. Amma ya faɗi abin da ya gani.

Goggo ba ta tsaya nan ba. Ta ce a kara in aibi ya tabbata, wata dabbar ake ba ka, don haka a ba ta wata motar. Alhaji ya ce a'a, wannan ba ya cikin alƙawari, gyara aka ce, za su canza kan injin. Ta tambayi makaniken ko kindirmon nan da ya zagaya cikin injin bai yi wata ɓarna ba. Ya ce gaskiya ya yi, in don shi ne a sauke injin gaba ɗaya. Alhaji ya tura hula gaba ya sosa ƙeya, ya shiga ofis ya daɗe, ya fito ya ce to, sabon inji, amma sai an kawo daga Legas. Goggo ta ce ta yarda, sai dai sabuwar saniya sabon alƙawari, wa'adin injin daga ranar da aka ɗora shi zai fara. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da zai samu irinta a ofis da ya huta. Ya rubuta ya sa hannu, ta sa a lalita.

Kada in yi muku ƙarya, ba a banza muka sha ba. Injin ya daɗe bai iso ba, mafi yawan kakar nan ta wuce mu. Wasu 'yan kasuwarmu suka kama wasu motoci, har yau akwai wanda bai dawo ba. Baba ya yi ta ƙorafi cewa da an bar Oga da tuni muna kan hanya, sai na tuna masa cewa ai ba shimfiɗar ba ce, da Oga ya buɗe da asarar injin gaba ɗaya ta zama tamu. Goggo ta koma tafiya kasuwa a ƙafa da ƙwaryarta a ka, ana yi mata ba'a tana amsa gaisuwa.

Ranar da na karɓo motar, na sa ta daidai da ranar kasuwar Gwaram. Na biya gida na ɗauki Goggo. Da muka zo bakin kasuwa ta ce in rage gudu. Mai awon nan yana nan a kan buhunsa, yana ganinmu ya miƙe, ya ce dama yana neman motar da za ta kai masa kaya Birnin Kudu. Goggo ta leƙo ta taga ta ce, "A loda masa. Shanun ma sun ce a gaishe ka." Da muka koma gida kuwa, sai da ta sa na kai wa shanun huɗar nan dusa da kanwa da hannuna, ta ce su ma sun yi aikin kamfani.

Yanzu ina da 'yar rumfata ta gyara a bakin tasha, motar kuma ƙanena ke ja, injin nan har yau bai taɓa yi mana tari ba. Goggo ta je Makka bara waccan, da abin da motar ta haifa. Duk wanda ya kawo mini mota ina ganin sheƙin sabunta a jikinta, kafin in taɓa sifana sai na bi notinan da yatsa, in tambaye shi ko garantinta ya ƙare. In bai ƙare ba, sai in ce ya mayar wa masu ita, ya tafi da takardarsa, ya tsaya a buɗe a gabansa, kuma kada ya bar yaron ƙofa ya kore shi. Wasu har haushina suke ji, wai ina korar ciniki. Ni dai abin da na koya a wurin tsohuwar nan shi ne, haƙƙinka ba da hayaniya ake karɓarsa ba. Tun ranar ciniki ake tambayarsa, sannan ka kiyaye naka sharaɗin, ka iya haƙurin dariyar mutane. Abin da za ka mayar, kada ka yanka masa kunne.

To ku fa? Akwai wanda a cikinku ya taɓa sayen sabon abu, mota ko babur ko keken ɗinki ko rediyo, ya lalace masa tun bai more ba? Mayarwa kuka yi, ko kun riga kun kai an yi masa lalas? Don Allah ku ba ni labari, ina son in ji ko akwai irin Goggo a gidajenku.